Godiya ga duk waɗanda suka tallafa wa aikin tarihi na ɗalibanmu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, mun kammala baje kolin ayyukan tarihin jiha na 'yan aji biyar da aji shida lafiya, yara sun koma gidajensu ba wanda ko tuntuɓe ya yi. A madadina da sauran malaman da muke koyar da darasin zamantakewa a makarantarmu ta firamare da ke cikin birnin Katsina, ina miƙa godiya ga duk wanda ya sa mana hannu.

Abin da ya tayar da mu tun farko shi ne, yaro zai haddace maka cewa an haɗe Kudu da Arewa a 1914, amma ka tambaye shi ta wace ƙofa ake fita in za a Daura, sai ya tsaya yana kallonka. Wannan ya daɗe yana damuna. Da muka kai wa hedimasta shawarar a fitar da darasin daga kan allo, bai ja mana rai ba, ya ba mu filin makaranta da ranakun da muka roƙa. Ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri.

Godiya ta musamman ga Baba magini, kakan ɗaya daga cikin ɗalibanmu. Mun so yara su gina ganuwar birni ƙarama da laka, sai namu ginin ya yi ta tsagewa da zarar rana ta buge shi. Baba ya zo da kansa, ya naɗe hannun riga, ya nuna musu yadda ake cuɗa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa a bar ta ta kwana, sannan a mulmula tubali ƙanana a jera su kai sama. Bai karɓi ko sisi ba. Da ginin ya sha iska, yara suka buɗe ƙofofi kowace a gefenta: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar 'Yanɗaka, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa. Gardamar da suka tafka kan inda Ƙofar Sauri za ta zauna ta fi min kowace jarrabawa daɗi, don kowa da hanyar gidansu yake kafa hujja.

Iyaye mata da kakanni, ku ma kun yi mana babbar hidima. Mun tura kowane yaro gida da tambayoyi uku ya yi wa tsoho ko tsohuwar gidansu, ya rubuto amsa da hannunsa. Na san wasu sun takura muku da daddare. Wata yarinya ta kawo shafi biyu cur na abin da Goggonta ta ba ta game da hawan sallah a zamanin Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, har da irin tuwon da ake rabawa a unguwa ranar. Wannan takarda na adana ta. Daga waɗannan labarai muka ɗaura igiya a aji muka rataye shekaru bi da bi: 1906 da Muhammadu Dikko ya hau gadon sarauta, 1960 da aka sami 'yanci, sai 23 ga Satumba 1987 da aka cire Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna. Yara da yawa sun sha mamakin jin cewa iyayensu maza sun girmi jihar.

Ƙungiyar iyaye da malamai ce ta biya kuɗin mota, muka kai yara Hasumiyar Gobarau da gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ma'aikatan wuraren biyu sun yi haƙuri da tambayoyin yara. Direbobinmu ma mun gode.

Daura ba mu samu zuwa ba, aljihu bai kai ba. Sai Malama mai aji shida ta shirya wasan kwaikwayo na Bayajidda da Daurama da macijin rijiyar Kusugu, da tsohon buhu da guga aka yi komai. Abin da ya fi burge ni, bayan wasan ta zaunar da su ta bambance musu labarin da aka gada baki da baki da abin da aka rubuta da kwanan wata. Malama, sannu da ƙoƙari.

Taswirar jiha da aka zana da toka a tsakar fili, da duwatsu 34 na ƙananan hukumomi, iska ta riga ta share ta. Amma ganuwar da rubuce-rubucen yara suna nan a aji biyar har ƙarshen zango, duk uba ko uwar da ba ta samu zuwa ba tana iya leƙowa bayan an tashi. Masu tambaya kan tafiyar Daura kuma, za mu kawo maganar a taron iyaye mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya raya mana yaran nan, ya biya kowa da mafificin alheri.