Abin da na koya wajen hidimar masu kuturta

Ɗan agaji ne ni a masallacin unguwarmu a Kano, kuma aikin da na fi daɗewa a kansa shi ne hidimar masu kuturta da ke zaune a kewayen asibitin Yadakunya. Abin da ya ja ni hadisin nan ne na Muslim, inda Allah zai ce ranar alƙiyama: ya ɗan Adam, na yi rashin lafiya ba ka duba ni ba.

Da azumi abinci ba ya yanke musu. Motoci su zo, a sauke shinkafa da gero, a juya. Abin da ke ƙaranci shi ne mai zama ya riƙe ƙafa.

Cutar tana kashe jijiyoyin ji, har mutum ya taka ƙaya ko garwashi bai sani ba, ciwon ya zama gyambo. Shi ya sa ma'aikatan jinya suka koya mana abu uku. A jiƙa ƙafa a roba da ruwa kamar minti 20, a goge fatar da ta yi kanta da dutsen kaushi a hankali, a shafa basilin tun ƙafar ba ta bushe ba. Sai a zura hannu cikin takalmi a laluba, don tsakuwa guda tana iya ɓata aikin wata uku. Wani dattijo da nake wanke wa ƙafa, yatsunsa sun ƙare, ya taɓa ce mini: "Ɗana, ban ji hannunka ba, amma na ga ba ka kau da kai ba." Tun daga nan nake kula da fuskata kamar yadda nake kula da hannuna.

Mutane kan tare ni da hadisin guje wa kuturu. Ba na musu da hadisi, kariya daga yaɗuwar cuta addini ne. Sai dai wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa ta, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take bayar da maganin kyauta, na wata 6 ko 12 gwargwadon nau'in cutar. Yawancin waɗanda ake ƙyama ɗin nan sun warke tuntuni, nakasar ce kawai ta rage.

Inda muka fi shan wahala shi ne sababbin majinyata. Maganin yakan sa fitsari ya yi ja, fata ta yi duhu, sai tsoro ya sa wasu su ajiye shi. Nan lallashi yake aiki, da yawan komawa gida-gida. Kuma duk wanda na gani da tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓawa, ba na barinsa da cewa ƙyasfi ne, da kaina nake raka shi asibiti a duba.