Yau muka buɗe ɗakin Hajiya

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yanzun nan na dawo daga Fagge, har yanzu hannuna ƙanshin man keke yake yi. Da sassafe Goggo ta kira ni ta ce ruwan daren jiya ya yi ɓarna a rufin ɗakin Hajiya, in zo mu fitar da kaya kafin su lalace. Shekara uku ke nan da rasuwar kakar tamu, Allah Ya jiƙanta, ɗakin yana kulle, kowa ya kasa buɗe shi.

Katifa da tabarmi sun sha ruwa, muka shanya su a tsakar gida. Can a lungu kuwa, ƙarƙashin wani tsohon zanen gado, ga keken ɗinkinta, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Singer ne baƙi, na ƙafa. Adon ruwan gwal da ke jikinsa ya goge daidai inda take ɗora hannunta. Na ɗan taka, sai bel ya tsinke. Goggo ta zauna a bakin gado ta yi tagumi, ta jima ba ta ce komai ba.

In ana ba da tarihin gidanmu, maza ake lissafowa. Wane ya haifi wane, asalinmu Zariya, Malam ya yi aikin reluwe. Ita kuwa sai a ce matar Malam, mai ɗinki, shi ke nan. Sai yau na ji sauran labarin, kuma raina ya sosu da ban tambaye ta da bakinta ba tana raye.

Goggo ta ce tun Hajiya tana amarya a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa a Zariya ta koyi ɗinki, wurin wata maƙwabciyarsu Bayarabiya. Ta fi shekara ba ta hau keke ba, daga zura zare a allura sai kalmasa da hannu sai hura gawayin dutsen guga. Wannan keken da adashe ta saye shi, kuma da fam da sule ta biya, don naira ba ta zo ba sai 1973. Ba su daɗe da dawowa Kano ba Malam ya rasu, ya bar ta da 'ya'ya shida, mahaifiyata tana goye. Da ta fita takaba dangi suka taru za su raba yaran, kowa ya ɗauki ɗaya. Da kyakkyawar niyya suka zo. Goggo tana laɓe a bayan labule ta ji ta ce musu, "Na gode, Allah Ya saka da alheri. Amma muddin ƙafata tana taka keken nan, ba ɗan da zai kwana a wani gida."

Ba ta fita ko ƙofar gida, yaran ne ƙafafunta. Kawu ke zuwa Kantin Kwari sayo zare da zip da maɓallai, Goggo ke ɗaukar ɗinki a ka ta kai gidajen masu shi ta karɓo kuɗi. A 1976 da gwamnati ta buɗe karatun firamare kyauta, yara suka cika makarantu, rabin 'yan unguwar da yunifom ɗinta suka fara zuwa aji. Goman ƙarshe na azumi kuwa ba a barci a gidan. Tana ɗinki da fitilar ƙwai har a yi sahur, kayan 'ya'yanta su ne na ƙarshe, wani lokacin da safiyar Sallah ake sa musu maɓalli.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zancen ƙyalle. Duk abin da ya rage a atamfar mutum, ko bai fi tafin hannu ba, sai ta naɗe ta ɗaure ta mayar wa mai shi. In an ce ta riƙe, to sai ta riƙe. Waɗannan ne muka tarar cike da buhu guda, da yawansu na masaƙun Kaduna ne da yanzu akasarinsu sun rufe. Goggo tana ɗagawa tana gane su: wannan ankon bikin wance ne, wannan na fitar sunan wane.

A aljihun keken muka sami littattafai huɗu irin na 'yan makaranta, an rubuce su tsaf da ajami. Ni ban iya karantawa sosai ba, Goggo ce ta sa tabarau ta riƙa bi mini. Awon mata ne: kafaɗa, ƙirji, tsawon hannu, tsawon riga. A na farkon ma da taƙi take awo, kafin ta koma tef. Amma a gefen shafi ta rubuta wadda ta haihu da wadda ta yi aure da wadda ta rasu. Na ga awon mahaifiyata yana ƙaruwa shafi bayan shafi har zuwa kayan aurenta. Na ga sunana, da rigar da ta ɗinka mini ranar suna. Ga kuma basussuka, wasu an soke an rubuta an biya, wasu da dama an soke an rubuta "na yafe". A nan na kasa riƙe hawayena.

Da la'asar Kawu ya zo ya ga keken, ya shafa kansa kawai ya fita. Na roƙi Goggo ta ba ni shi, ta ce in ɗauka, amma littattafan suna wurinta. Mun yi da ita zan riƙa zuwa duk Asabar tana karantawa ina juyawa zuwa boko, tun idonta yana gani.

Akwai wata 'yar rigar yarinya da muka tarar a ƙasan buhun, an haɗa hannu ɗaya, ɗayan yana maƙale da allura. Mun duba littafin ƙarshe har magariba, ba mu ga awon da ya yi daidai da ita ba. Na taho da ita a jakata. Gobe in Allah Ya kai mu zan nemi mai gyara ya sa wa keken sabon bel.