Yadda Muka Dawo da Kiɗa Dandalin Garinmu

Dandalin garinmu a hankali ya mutu. Gidajen kallon ƙwallo suka kwashe samari, waya ta kwashe sauran, sannan tsoron dare ya zo ya ƙarasa. Filin da iyayenmu mata suka yi gaɗa a cikinsa, a gaban zauren Mai Gari, ya koma wurin ajiye babura da shanyar masara. Garin ƙarami ne a arewacin ƙasar Zazzau, kasuwarsa sau ɗaya take ci a mako, kuma kusan kowa manomi ne ko ɗan manomi. Ni malamin firamare ne a nan, ni ne kuma ke riƙe da littafin ƙungiyar ci gaban gari. Shi ya sa da aka ce a shirya wasa da kiɗa a fili, a kuma gyara fuskar zaure, aikin ya faɗo a kaina.

'Ya'yanmu da ke karatu a birni ne suka kawo maganar, kuma so suke a yi a dogon hutu, cikin Agusta, lokacin da duk suna gida. Dattawa ba su bari maganar ta yi nisa ba. Agusta marka ce. Mutum ya wuni a gona, rumbu ya yi ƙasa, aljihu babu komai, ga hadari kan taso da dare ba sallama. Kakanninmu da suka ajiye kalankuwa sai bayan girbi sun san abin da suke yi: a lokacin ne ciki ya cika, jiki ya huta, saurayi ya sayar da ɗan gyaɗarsa ya ɗinka riga. Sai muka tsayar da ƙarshen kaka, Juma'a da Asabar ɗin da suka fi kusa da sha huɗu ga wata, don farin wata ya ɗauke mana rabin wahalar haske.

Kafin a taɓa ko kujera ɗaya, mun je wurin Mai Gari. Na ce, "Ranka ya daɗe, so muke yara su dawo dandali, su ga abin da kuka gani." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kun je wurin Liman?" Muka tafi. Liman ya saurare mu har ƙarshe, ya kuma gindaya sharuɗɗansa: da an kira salla ganga ta yi shiru, mata gefensu maza gefensu, ba waƙar batsa, ba zagin kowa, a tashi kafin dare ya raba. Game da bango ya ce kada a zana hoton mai rai, kada kuma a rubuta aya a inda awaki za su goga jiki, yara su yi ta jifa. Na ce, "Allah gafarta Malam, mun ji mun karɓa." Wasu daga cikin samarinmu sun ga kamar an ɗaure mu. Ni a ganina sharuɗɗan nan ne suka buɗe mana ƙofofin gidaje, domin babu uwar da za ta saki 'yarta ta fita bayan isha'i sai ta ji cewa Liman ya san da zancen.

Samari sun so a ɗauko mai kiɗan na'ura daga birni da manyan lasifikoki. A nan na tsaya kai da fata. Irin wannan kiɗan ana jin sa a kowane biki da kowace waya, ba sai an tara gari ba. Sannan ga kuɗin mai, wanda tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya zama abin lissafi, kuma ƙarar janareta kan cinye muryar kalangu gaba ɗaya. Muka aro fitilu masu aiki da hasken rana daga gidaje, muka rataya a jikin bishiyoyi, muka ajiye lasifika guda mai batir don sanarwa kawai.

Makaɗan kuwa ba a nesa suke ba. Ba a rasa nono a ruga. Sarkin Makaɗan garinmu yana nan da ransa, sai dai ya koma sayar da rake a bakin kasuwa, gangarsa tana rataye a ɗaki, fatarta ta tsage. Da na je masa da maganar bai nuna zumuɗi ba. Ya ce, "Malam, kun tuna da mu ne yau?" Na ce, "Baba, mun makara, amma mun zo." Abin da ya biyo baya shi ne babban darasin da na ɗauka a duk wannan aiki. Mun saba ganin makaɗi a matsayin maroƙi, wanda zai zo ya yi aikinsa ya jira abin da Allah ya hore daga aljihun jama'a. Mai haya kujeru ana biyansa tun kafin ya sauke kaya, mai rumfa haka, amma mutumin da don shi aka taru sai a bar shi da "Allah ya ba da sa'a". Muka yi ciniki da shi kamar yadda ake yi da kowane mai sana'a, muka ba shi rabi a hannu ya sake fatun ganguna, ya nemo 'yan amshinsa, ya aika ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu aka kira masa mai kalangu da mai goge. Tun daga ranar yanayin maganarsa ya canza. Shi ya tsara mana wa zai fara, wa zai rufe, ya kuma hana mu sa mai goge da wuri, ya ce goge sai dare ya natsu.

Liƙi ma mun yi masa tsari. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira ko taka ta a wurin biki, hukuncin kuma ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun, kuma a 2024 an gurfanar da mutane a kotu a kan haka. Sai muka ajiye babbar ƙwarya a gaban makaɗa. Mai kyauta ya zo ya saka, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da na ubansa. Kyautar ba ta ragu ba, kuma ba a samu turereniyar yara masu wawason kuɗi a ƙasa ba.

Aikin bango ya riga kiɗa farawa, kuma shi ya fi cin raina. Zauren Mai Gari ginin ƙasa ne, da zankwayensa a kusurwa, amma damina bayan damina ta wanke adon fuskarsa har ya zama ba a gane komai. Wasu suka ce a shafe da siminti a huta. Tsohon maginin da muka samu, wanda kowa ke kira Baba Magini, ya ƙi. Ya ce siminti a kan ginin ƙasa yaudara ne: ruwa ya samu tsaga ya shiga ta baya, ƙasa ta jiƙe ba ta da hanyar bushewa, ran nan sai fuskar ta ɓamɓaro gaba ɗaya. Maginan ƙasar Zazzau suna da abin alfahari a wannan fanni. Muhammadu Durugu, Babban Gwani, shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma har yau akwai unguwa a birnin Zariya da ke amsa sunan Babban Gwani. Wanda ya taso a wannan ƙasa bai kamata a ce bai taɓa ganin yadda ake fitar da zane daga ɗanyar ƙasa ba.

Na tsaya na ga yadda yake yi. An haƙo jar ƙasa, aka cuɗa da ciyawa, samari suka tattake da ƙafa, aka bar ta tana kwana ana yayyafa mata ruwa har ta yi danƙo. Baba ya hau tsani, ya jiƙa bangon, ya fara yaɓe. Ba ya zana komai a takarda. Yakan ɗebi curi, ya murza shi ya yi tsawo, ya manna, sannan ya bi gefensa da babban yatsa yana lanƙwasawa, ɗaya layin ya bi ta ƙarƙashin ɗaya, ya fito ta sama, har dagi ya bayyana a saman ƙofa, irin wanda Sardauna ya mayar tambarin Arewa. A gefe ɗaya ya sa takobi, a ɗayan ya sa allo. Yara suka roƙe shi ya sa keke, ya yi dariya ya ce ai a Zariya ma an daɗe ana sa keke a fuskar gida, ya sa musu. Da ya bushe aka shafe da makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, wanda ke ba bango launi mai duhu ya kuma taimaka masa wajen jure ruwa. Makubar ce ta ba mu wuya, don ba lokacinta ba ne, sai da aka bi gida gida ana tambaya.

Yaran makarantarmu kullum suna tsaye a gindin tsanin. Da farko korar su ake yi. Baba ya ce a ƙyale su, shi ma a haka ya koya. Ya ba su wani ɓangare na katangar baya su gwada hannunsu. Katangar makaranta kuwa ta bulo ce, ƙasa ba ta kama ta, don haka mai rubuta allunan shaguna na garinmu ya jagoranci samari suka kwaikwayi zanen Baba da fenti. Ya yi kyau daga nesa, amma duk wanda ya ga biyun ya san ba ɗaya ba ne, domin zanen ƙasa yana da tudu, kuma inuwarsa tana sauyawa daga safe zuwa yamma.

Ranar Juma'a bayan la'asar yara maza suka yi langa da kokawa. Matan aure sun yi nasu tun da rana a cikin gidan Mai Gari, kiɗan ƙwarya da amada, ba namiji ko ɗaya, ni ma labari na ji daga bakin uwargida. Bayan isha'i aka buɗe dandali. 'Yan matan yanzu ba su san waƙoƙin gaɗa ba, saboda haka wata goggonmu ta tsaya a tsakiya tana ba da waƙa suna amsawa suna tafi, kafin a jima sun kama. Samari suka farfaɗo da wasan kalankuwa, wannan alƙali, wancan ɗan sanda, wani likita, aka gurfanar da wani da laifin barin akuyarsa ta ci wake, jama'a na ta dariya.

Raɓa ta sauko, fatar ganga ta saki, sai Sarkin Makaɗa ya matsa kusa da wutar mai tsire yana gasa ta yana ɗan ƙwanƙwasawa da gula har sautin ya dawo daidai. Sannan ya saki taken manoma. Wani dattijo da ya yi suna a gayya tun muna yara, wanda yanzu sai da sanda yake tafiya, ya miƙe tsaye jikinsa na tsuma, ya shiga fili yana kirari, yana lissafa gonakin da ya nome da mutanen da ya bari a baya a kunya. Jikokinsa ba su taɓa jin wannan kirarin ba. Washegari su ne ke ta maimaita shi a hanyar rafi.

Akwai abubuwa biyu da muka ƙi, kuma zan sake ƙin su. Wani mai neman kujera ya aiko a ce zai ɗauki nauyin komai idan za a kafa hotonsa a fili. Muka ce gudummawa muna so, hoto babu, domin da zarar an ga hoton ɗan siyasa rabin gari zai zauna a gida. 'Yan tauri ma sun so su shigo da wuƙaƙensu, muka ba su haƙuri, tunda mun riga mun yi alkawari da 'yan sanda da 'yan sintiri cewa ba makami a wurin. Kuɗin da aka yi aiki da su daga gari suka fito: wani tiyar masara, wani damin dawa, 'yan garinmu da ke Kaduna da Abuja da Legas suka turo nasu bayan mun sanar a WhatsApp. Ranar Lahadi na karanta lissafi a gaban zaure, abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin goro.

Baba Magini ya gaya mana tun da wuri cewa adon ƙasa ba a gama shi, sai an riƙa bin sa da gyara bayan damina. Yara biyu daga cikin waɗanda suka tsaya a gindin tsani yanzu suna bin sa wurin aiki ranar da babu makaranta, da yardar iyayensu, kuma ƙungiya ta ware musu ɗan abin sabulu. Mun kuma yi magana da matan da ke yin daddawa: idan ɗorawa ta nuna da bazara, su cire kalwarsu, ɓawon kuma kada su zubar, ƙungiya za ta saya.