Ɗakin Kunkunniya da Gidajen Tsuntsaye a Istanbul

Talata, bayan sallar Isha'i.

Ƙafafuna sun yi tsami, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta abin da idona ya gane mini yau.

Da safe na bi sahun jama'a zuwa Yerebatan, matattarar ruwan nan ta ƙarƙashin ƙasa da Sarkin Rumawa Justiniyan ya sa aka gina a ƙarni na 6. Ginshiƙai 336 ne tsaye cikin ruwa, biyu daga ciki an ɗora su kan sassaƙen kan Medusa, wata dodanniya ta tatsuniyoyin Girkawa, ɗaya a kife, ɗaya a kwance ta gefe. Wurin akwai kwarjini, sai dai cunkoso da hasken wayoyi sun hana mutum natsuwa, don haka ban daɗe ba.

Inda ranar ta yi mini daɗi shi ne masallacin Sulaimaniyya, wanda babban magini Sinan ya fara a 1550 ya kammala a 1557 domin Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya. Kowa ya shiga kansa na sama, yana kallon ƙubbar da tsayinta ya kai mita 53. Wani dattijo da muka yi sallar Azahar sahu ɗaya ya taɓa kafaɗata ya ce, "Ɗana, juya ka dubi saman ƙofar da ka shigo." Ashe akwai wani ɗan ɗaki a can. A da fitilun mai da kyandir ne ke haska masallacin, hayaƙinsu kuwa da an bar shi, da tuni ya baƙanta bango da zane. Sai Sinan ya tsara yadda iska za ta riƙa kwasar hayaƙin tana tura shi ta wasu kafofi zuwa wannan ɗaki. Kunkunniya ta taru a bango, a kankare ta, a haɗa tawada, marubuta su ɗauka. Na daɗe tsaye ina jinjina wannan hikima. Mutumin da ke lissafin nauyin ƙubba irin wannan, har ya samu sararin tunanin inda hayaƙin fitila zai nufa, da amfanin da za a ci da shi! A tsakanin fitilun kuma akan rataye ƙwan jimina, wai don gizo-gizo ba ya son kusantarsa. Kabarin Sinan ɗin ma na je, yana wajen katanga a wata kusurwa, ƙarami ne ƙwarai in an kwatanta da abin da ya gina.

Da La'asar na hau jirgin fito na tsallaka mashigin tekun Bosforus zuwa Uskudar, ɓangaren Asiya. A jikin bangon masallacin Ayazma, na zamanin Sarki Mustafa na Uku, akwai wasu ƙananan fadoji na dutse a manne can sama, da tagoginsu da ƙananan ƙubbobinsu. Gidajen tsuntsaye ne. Ba ramuka kawai aka huda musu ba, an yi musu ado sosai, an kuma ɗaga su inda kyanwa ba za ta kai ba. Wasunsu sun fara zaizayewa, abin ya sosa mini rai, don irin wannan aiki in ya rushe da wuya a samu hannun da zai maimaita shi.

A unguwar dai na ga dutsen sadaka, wani guntun ginshiƙi mai rami a kansa. Mai hali ya zo da dare ya zuba kuɗi, mabuƙaci ya zo ya ɗauki gwargwadon buƙatarsa, babu wanda ya ga fuskar wani. Yau mutane na wucewa ta gabansa ba sa ko waiwaye, wani ma ya jingina babur a jikinsa. Ni a ganina ya cancanci allon bayani babba da harsuna da yawa, fiye da wasu wuraren da ake layi a kansu.

Gobe in Allah ya kai mu zan je gadar ruwan Valens ta ƙarni na 4, da aka gina don kawo ruwa cikin birnin, wadda motoci ke bi ta ƙarƙashin bakunanta har yanzu. Zan fita da sassafe kafin titin ya cika.