Gidan da Ba Shi da Tsakar Gida

Ranar da na fara shiga gidanmu na Tensta, a arewa maso yammacin Sitokholm, tsayawa na yi a bakin ƙofa da jaka a hannu ina neman hanyar da za ta kai ni cikin gida. Maigida ya yi dariya, ya ce ai na riga na shigo. Ƙofa ɗaya ce tak, kuma waje take buɗewa, kamar yadda aka saba a gidajen bene na Suwidin. Kana jawo ta sai ɗan lungun ajiye takalma, taku uku ga falo, ga kicin. Ko mai kawo saƙo ne, in ya ɗan miƙa wuya zai hango tukunyar da ke kan wuta.

Ni kuwa a cikin birnin Zariya na tashi, a gidan ƙasa mai zaure biyu. Baƙo yakan yi sallama a zauren farko, a aiki yaro ya gani, a shimfiɗa masa tabarma. Ƙofofin ma ba sa kallon juna, don kada ido ya zarce ciki. Bayan nan sai tsakar gida, inda rayuwarmu ta mata take kacokan: daka, tankaɗe, wanki, kitso, faɗa da shiri. Ba ka fita ba, amma sararin sama na bisa kanka, kuma da wuya a yi rabin awa wata maƙwabciya ba ta leƙo aron rariya ta zarce da hira ba. Ban taɓa ɗaukar wannan fili a bakin komai ba. Ƙasa ce da igiyar shanya da bishiyar darbejiya.

Cikin watan Nuwamba na zo. Abin da na fara yi shi ne sayen labule masu kauri, domin tagogin gidan nan manya ne, kusan rabin bango, kuma ginin da ke fuskantarmu ba wanda ya sakaya tasa. Da dare sai ka ga mutum yana cin abinci, ga 'yar fitila a kan dakalin taga, kamar ya shirya wa jama'a kallo. Na ce a raina waɗannan mutane ba su san sirri ba. Na ja labulena na rufe ruf.

To, a tsakiyar Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata, kafin ƙarfe uku kuma ta faɗi. Awa shida ke nan, in ma gajimare ya bar ta. Azahar, la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa, har alwala ɗaya takan ishe ni. Ɗan hasken da ake samu kuma na toshe shi da hannuna. Maigida ya fita cikin duhu ya dawo cikin duhu, ni da yaro muna ciki, ɗumi na fitowa daga ƙarfen bango, shiru kamar an yi mutuwa. Bangon da tagar sun tare sanyi, sun tare ƙara, har da motsin mutane. Na fara barcin da ba ya ƙosarwa, ina kuka ba dalili. In Inna ta kira ta ce, "Ke lafiya kuwa? Muryarki ta yi ƙasa," sai in ce mura ce.

Wata ma'aikaciyar jinya a asibitin yara na unguwa ce ta gano ni. Na je karɓar ɗigon bitamin D da ake ba jarirai kyauta, sai ta bar zancen yaro ta tambaye ni sau nawa nake fita a mako, kuma tagata a buɗe take ko a rufe. Ta ce su ba don nuna kai suke barin taga ba, hasken ne ba ya isarsu, shi ya sa ko kaɗan ba sa yarda ya wuce su. Na ji kunyar abin da na zarge su da shi.

Daga baya, a ajin koyon yaren ƙasar, na ji tarihin unguwar. Tsakanin 1965 da 1974 gwamnati ta sa aka gina gidaje miliyan ɗaya, a ƙasar da mutanenta a lokacin ba su wuce miliyan takwas da wani abu ba. Tensta da Rinkeby da Husby duk 'ya'yan wannan shiri ne. Mutane sun fara tarewa a Tensta a 1967, amma jirgin ƙarƙashin ƙasa bai iso ba sai 1975. Masu zanen sun yi tunani, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sun jera dogayen benaye ta wajen babban titi don su tare hayaniya, gajerun kuma suka gangara kudu. Sun raba hanyar mota da ta ƙafa, yaro zai iya zuwa makaranta ta kan gada bai tsallaka titi ba. Kicin kuwa an auna shi daidai da tsayuwar mai girki, komai hannu na kai wa. Sai dai duk lissafin nasu na iyali ne da zai shiga ya rufe ƙofa. Wurin da za a haɗu ba tare da an sa rana ba, shi ne ban gani ba.

Na ɗauka ɗakin wanki na ƙasan bene zai cike gurbin. Injuna ne na kowa da kowa, da ɗakin busar da kaya. Na ci ado na sauka ina murna zan tarar da mata. Ashe kama lokaci ake yi da ɗan maɓalli a jikin allo, awoyinka naka ne kai kaɗai, ƙofar ma ba za ta buɗe wa wani ba. Hirar da na samu a can ita ce wata takarda da aka manna, ba suna, ana ƙorafin wani bai share dattin injin busarwa ba. Ni ce wanin. Takarda ta biyu kuwa ta ƙarƙashin ƙofata aka turo, ranar da na daka yaji a ƙaramin turmi bayan goma na dare. A Zariya da mai ƙorafin ta shigo ta faɗa mini a fuska, wataƙila ma ta karɓi taɓaryar ta taya ni. Yanzu tawul nake ninkawa a ƙarƙashin turmin, kuma da rana.

Wadda ta fito da ni wata dattijuwa ce 'yar Somaliya da ke hawa na ɗaya. Ta tare ni a matakala ta ce, "'Yata, ke ba kya saukowa ne?" Na ce, "Hajiya, in sauko ina?" Sai ta nuna mini filin da ke tsakanin gine-ginenmu, wanda na daɗe ina ratsawa da sauri kamar ana kora ta. Akwai lilo, da ramin yashi na yara, da benci biyu, kuma mota ba ta shiga. Ashe duk tagogin kicin nan suke kallo, don uwa ta riƙa hango ɗanta tana girki. Ni da labulena ban taɓa lura ba.

Ba zan ce ya kai tsakar gidanmu ba. Maza na wucewa, dole sai da hijabi da rigar sanyi, kuma a Janairu ba mai iya zama fiye da minti ashirin. Amma daga watan Mayu benci kan cika: 'yan Somaliya, 'yan Iraƙi, Kurdawa, wata 'yar Gana mai jin Hausar zango. Kowa da filas ɗin shayinta. A nan na koyi yaren fiye da yadda na koya a aji, a nan kuma aka nuna mini 'yan gonakin haya da ke filin Järva, babban filin da ke gefen unguwarmu, inda Hajiya ke shuka alayyafo da kabewa.

Labulen masu kauri na mayar da su ɗakin kwana, inda suke da amfani a watan Yuni, lokacin da dare ba ya yin duhu sosai. A kicin na sa mai shara-shara, na ajiye 'yar fitila a dakalin taga kamar kowa. Rannan ina zaga wa Inna gidan ta bidiyo, ta ga falo, ta ga baranda, sai ta ce, "To ina tsakar gidan?" Na ɗaga labule na juya wayar ƙasa. Hajiya na zaune a benci, ta ɗago kai ta ɗaga mana hannu. Inna ta ce in gaishe ta, in kuma tambaye ta ko ina suke shanya.