Mota ta tafi, bashi ya ƙare

Jama'a, motata da na sa a kasuwa saboda zan tafi Malesiya karatu dai ta tafi, amma sai da muka ciko kuɗi daga gida kafin ta bar hannuna.

Ta hanyar murabaha na saye ta. Banki ya saya, ya sayar mini da ribarsa a kai, ana cira daga albashina duk wata. Farashin a ƙulle yake tun ranar sa hannu, ko kasuwa ta hau ko ta faɗi. To, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mota mai silinda shida ta zama abin gudu a Zariya. Dillalan Sabon Gari da na Kwangila kowa sai ya ɗaga bonet, ya leƙa inji, ya girgiza kai ya ce, "Malam, wannan ai shan mai gare ta." Tayin da ya fi tsoka ma bai kai abin da banki ke bina ba, ga la'ada kuma.

Takardun asali suna wurin banki, ba a sakinsu sai an biya kaf. Yayana ya ce in bar masa ita ya ci gaba da biya. Na ji daɗin maganar har raina, amma ba zan tafi Malesiya karatu in bar shi da nauyin da ba shi ya ɗauko ba, ga iyali a gabansa.

Uwargida ce ta cire awarwaronta na zinare, ba tare da na tambaya ba, muka cike giɓin. Allah Ya saka mata da Aljanna.

Jiya na karɓi takardar kammala biya. Ta Kano za mu tashi mako mai zuwa, a sa mu a addu'a.