Okid ɗin da ya ƙi yin fure har shekara uku

Shekara uku na yi ina renon wani nau'in okid, wato tsiron furen ado, mai suna Dendrobium nobile, kuma duk tsawon wannan lokaci bai ba ni fure ko ɗaya ba, alhali kararensa suna ta yin kauri, ganyensa kuwa kore shar. Abin da yake fitarwa a gaɓoɓin karan shi ne 'yan ƙananan tsirrai masu saiwoyinsu, waɗanda masu renon okid suke kira keiki, kalmar mutanen Hawayi da ke nufin yaro. Na yi murna da su da farko, kafin na gane cewa alama ce ta ɗumi da ruwa da taki da suka yi masa yawa.

Hankalina bai kwanta ba sai da na binciki inda ya fito. Asalinsa gangaren tsaunukan Himalaya ne, daga Nepal da arewa maso gabashin Indiya har kudancin Sin, inda yake manne wa rassan bishiyoyi da duwatsu, kuma masanin tsirrai ɗan Ingila John Lindley ne ya sa masa wannan suna a 1830. A can ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya a damina, sannan watannin sanyi da bushewa su biyo baya. Wannan hutun ne yake sa idon da ke kowace gaɓa ya zama fure maimakon sabon tsiro, ni kuwa ina shayar da shi daidai wa daida duk shekara a cikin ɗaki mai ɗumi.

Da sabon kara ya fitar da ganyensa na ƙarshe, sai na daina ba shi takin da ke da naitrojin, sinadarin da ke ƙara tsiron ganye da kara. Na mayar da shi wuri mai haske sosai, inda sanyin dare yake sauka zuwa digiri 10 zuwa 13 a ma'aunin Salshiyas, na kuma rage ruwa, ba na zuba masa sai na ga karan ya soma yamutsewa. Nan ne wahalar take, domin tsofaffin ganye sun yi rawaya suna zubewa, zuciyata kuma tana cewa in ba shi ruwa. Na daure, kuma ban yanke tsofaffin kararen ba, tunda a cikinsu yake ajiye abincinsa, a jikinsu kuma furen yake fitowa.

Bayan kusan mako shida gaɓoɓin suka kumbura. A ganina wannan ne lokaci mafi haɗari, domin idan aka yi gaggawar mayar da shi ɗumi da ruwa mai yawa, tohon yana iya komawa keiki. Na jira har ƙullutun furen suka fito fili, sannan na ƙara ruwa kaɗan kaɗan. Sun buɗe biyu biyu da uku uku a kan gaɓa, farare masu launin shuni a bakin-bakinsu da duhun ja a tsakiya, da ƙamshi mai sanyi da safe, kuma sun yi fiye da mako uku kafin su bushe.